Me ya haɗa Amitabh Bachchan da lambar yabon adana fina-finai?

Wani ɗan'uwa ya turo tambaya cewa ya ga labarin an ba Amitabh Bachchan lambar yabo ta duniya saboda gudummawar da ya bayar wajen adana tsofaffin fina-finai. Shi ne yake tambaya: mutumin da kowa ya sani da fitowa a fim, me ya haɗa shi da aikin ma'ajiya? Kuma a zamanin da kowane fim yake cikin waya, wane aiki ne wannan har da za a karrama mutum a kansa?

Malam, labarin da ka gani gaskiya ne. A watan Maris na 2021 ƙungiyar FIAF, wato haɗaɗɗiyar ƙungiyar ma'ajiyoyin fina-finai ta duniya, ta ba shi lambar yabonta ta shekara-shekara, kuma shi ne Ba'indiye na farko da ya samu. Manyan daraktocin fim Martin Scorsese da Christopher Nolan ne suka miƙa masa ta hoton bidiyo, saboda lokacin annobar korona ta hana taruwa. Ita FIAF an kafa ta a Paris a 1938, da ma'ajiyoyi huɗu na Faransa da Jamus da Ingila da Amurka, amma ba ta fara ba da wannan lamba ba sai a 2001, inda Scorsese ya zama na farko. Lambar kanta gwangwanin fim ne na azurfa zalla, irin mai ɗaukar fim ƙafa 1,000, wanda ma'ajiyar fina-finai ta jami'ar UNAM da ke Meziko ta tsara.

Zan fara da rabin tambayarka na biyu, domin sai an san wahalar aikin za a gane dalilin karramawar.

Kafin zuwan dijital, fim abu ne da ake riƙewa a hannu: dogon zirin leda mai ɗauke da hotuna a jere, a naɗe cikin gwangwani. Daga farkon sinima har zuwa wajen 1951, ana yin wannan leda ne da sinadarin naitiret, wanda ɗan'uwan albarushi ne. Idan ya kama wuta ko cikin ruwa aka tsoma shi ba ya mutuwa, domin shi yake samar wa kansa iskar da wuta take ci. Idan ya tsufa kuma sai ya yi danƙo, ya manne, daga baya ya zama gari ja, a wannan hali zafin ɗaki kaɗai ya isa ya tayar da gobara. Abin da ya faru ke nan a watan Yuli na 1937 a garin Little Ferry na jihar New Jersey, inda ma'ajiyar kamfanin Fox ta kama da wuta a lokacin tsananin zafi, fiye da naɗi 40,000 suka ƙone a dare ɗaya. Yawancin fina-finan da kamfanin ya yi kafin zuwan sauti a nan suka ƙare.

Da aka daina naitiret aka koma asitet, har ana kiransa fim mai aminci saboda ba ya ci da wuta kamar na farko. Ashe shi ma da tasa cutar. In zafi da laima suka haɗu a kansa sai ya fara fitar da tsami, ya yanƙwane, ya kanannaɗe, hoton ya ɗaye daga jikin ledar. Duk wanda ya taɓa buɗe tsohon gwangwani a ɗakin da ba sanyi ya san warin nan mai kama da ruwan khal da ke dukan hanci. Mugun abin shi ne tururin gwangwani ɗaya yana hanzarta lalacewar na kusa da shi, kuma in ta fara ba a mayar da ita baya, sai dai a rage mata gudu da sanyi. Ga kuma matsalar kala: fina-finan da aka wanke a kan Eastmancolor, wato ledar fim mai kala ta kamfanin Kodak, daga shekarun 1950 zuwa na 1970 launukansu ba sa dusashewa tare, shuɗi da rawaya su ke fara tafiya, a bar hoto ya koma jaja-jaja. Wannan ne ya sa Scorsese ya tayar da ƙayar baya a 1980, ya tara sa hannun daraktoci aka matsa wa kamfanin Kodak, bayan haka aka fito da fim mai launin da ya fi daɗewa.

Amma ni a ganina wuta da laima ba su kai mutane ɓarna ba. Kamfanoni suna ganin fim haja ce, in ta gama zagayen sinimomi ta gama amfani, ajiye ta kuwa kuɗin haya ne da haɗarin gobara. Saboda haka aka riƙa sayar da tsofaffin fina-finai ga masu narkarwa su ciro azurfar da ke jikin hoton. Da sauti ya shigo a ƙarshen shekarun 1920, fina-finan da ba su da magana suka zama shara a idon masu su. Wani bincike da Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya fitar a 2013 ya ƙirga dogayen fina-finai marasa sauti kusan 11,000 da aka yi a ƙasar, ya gano kashi 70 cikin 100 sun ɓace gaba ɗaya, kashi 14 kacal suka tsira a siffarsu ta asali. Wannan Amurka ke nan, mai kuɗi da sanyi.

A Indiya abin ya fi muni. An yi fina-finai marasa sauti fiye da 1,000, waɗanda suka rage ba su wuce 'yan gommai ba, wasu ma guntaye ne. Fim ɗin Indiya na farko mai magana, Alam Ara na 1931, wanda daga kansa aka fara sa waƙa a fim ɗin Indiya, babu kwafinsa ko ɗaya da aka sani a duniya yau, sai hotuna da fastoci. Gwamnatin ƙasar ba ta buɗe ma'ajiyar fina-finai ba sai a 1964, a birnin Pune, bayan an shafe shekara 50 ana yin fim. Mutumin da ya tsaya a kan wannan ma'ajiya shi ne P. K. Nair, wanda ya yi aiki a can tun 1965 har ya yi ritaya a 1991. Ya bi gidajen magadan furodusoshi, da rumbunan kamfanonin da suka karye, da dillalan bola, yana roƙo yana ciniki, har ya tara dubban fina-finai, ciki har da abin da ya rage na ayyukan Dadasaheb Phalke, wanda ya yi dogon fim ɗin Indiya na farko a 1913. Nair ya rasu a 2016. Mutum nawa ne a cikin masu kallon fim ɗin Indiya a Kano ko Damagaram suka taɓa jin sunansa?

To a nan Bachchan ya shigo. Wani darakta mai suna Shivendra Singh Dungarpur, wanda ya yi fim a kan rayuwar Nair a 2012, ya kafa gidauniyar Film Heritage Foundation a Mumbai a 2014. Tun daga 2015 gidauniyar take shirya bita ta shekara-shekara tare da FIAF, ana koya wa matasa yadda ake duba fim, da gyara yagewa, da wanke shi, da ɗaukar hotonsa da na'ura. Bachchan shi ne jakadan wannan gidauniya, shi yake tsayawa gaban 'yan jarida da masu kuɗi da 'yan siyasa yana cewa a ceci fina-finan, kuma gidauniyar ce ta gabatar da sunansa ga FIAF. A 2022, da ya cika shekara 80, ta shirya nuna tsofaffin fina-finansa a sinimomin birane da dama, aka ga matasan da ba a haife su ba lokacin da aka yi fina-finan suna sayen tikiti.

Ka ga ke nan ba wanda ya ce Bachchan ya sa safar hannu ya zauna kan tebur yana liƙa yagaggen fim. In ka duba jerin waɗanda suka karɓi lambar za ka ga kusan dukkansu shahararrun daraktoci ne da 'yan wasa: Ingmar Bergman a 2003, Agnès Varda a 2013, Nolan a 2017, Jean-Luc Godard a 2019, Tilda Swinton a 2022. FIAF ba ta ɓoye manufarta ba, da gangan take zaɓen mutane daga wajen ma'ajiyoyi, waɗanda duniya take saurare. Dalilin a fili yake. Aikin adana fim ba shi da ranar gamawa, kuma ba shi da abin nunawa. Ɗaki ne mai sanyi ƙwarai, da laima kashi 30 zuwa 40 cikin 100, da wutar da ba ta ɗaukewa, da ma'aikacin da yake buɗe gwangwani bayan gwangwani yana rubuta halin da kowanne yake ciki. Babu ministan da zai yanke ƙyalle a kan cewa wani fim bai ruɓe bana ba. In ma'aikacin ma'ajiya ya rubuta takardar neman kuɗin gyaran na'urar sanyaya ɗaki, takardar tana iya shekara a kan tebur. In Bachchan ko Scorsese ya faɗi magana iri ɗaya a gaban kyamara, gobe tana shafin farko na jaridu. Lambar yabon hanya ce ta aron murya.

Kuma wasunsu sun wuce aron murya. Scorsese ya kafa Film Foundation a 1990, wadda ta taimaka aka gyara fina-finai fiye da 900, sannan a 2007 ya buɗe reshen da ke kula da fina-finan ƙasashen da ba su da ƙarfin yin aikin da kansu. Rithy Panh na Kambodiya, wanda ya karɓa a 2009, shi da kansa ya kafa cibiyar Bophana a Phnom Penh a 2006 don tattara hotuna da sautukan da suka tsira daga mulkin Khmer Rouge. Irin waɗannan ba mai jayayya a kansu.

Duk da haka ina da ƙorafi a kan yadda ake rabon yabo a wannan fage, kuma ƙorafin ya girmi lambar FIAF. Akwai mutum biyu da duk ɗalibin wannan fanni yake karanta labarinsu. Henri Langlois, wanda ya kafa Cinémathèque, ma'ajiyar fina-finai ta Faransa, a 1936 tare da abokansa, mutum ne mai kwarjini da son jama'a. Duk fim ɗin da ya samu sai ya ajiye, ya ɓoye da yawa daga hannun Jamusawa lokacin da suka mamaye Paris, kuma kullum yana nuna su, a ɗakin kallonsa ne daraktoci irin su Truffaut da Godard suka koyi sana'a. Da ministan al'adu André Malraux ya cire shi a watan Fabrairu na 1968, daraktoci da ɗalibai suka fito titi har sai da aka mayar da shi. A 1974 aka ba shi Oscar ta girmamawa. Amma Langlois ba shi da tsari, rajistarsa a kansa take, yana haska kwafin da babu irinsa har ya gaji, kuma gobarar da aka yi a wurinsa a 1959 ta ci fina-finai masu yawa, har da waɗanda wasu ma'ajiyoyi suka ba shi aro. A Landan kuwa akwai Ernest Lindgren, shugaban ma'ajiyar fina-finai ta Birtaniya, mutum mai tsantseni wanda ya kafa ƙa'idar cewa ba a haska kwafi na asali sai an yi masa madadi, ya kawo gwajin gane naitiret ɗin da ya kusa lalacewa, ya tsara rajista. Mutane sun riƙa ganinsa marowaci mai hana kallo. Yau kusan duk ma'ajiyar kirki a duniya bisa ƙa'idojin Lindgren take aiki, amma Langlois ne yake da Oscar da dandali mai sunansa. Ba na ƙin Langlois, domin fim ɗin da aka kulle ba a kallo da wanda ya ɓace bambancinsu kaɗan ne, sai dai rabon bai yi adalci ba.

Akan tuna da masu aikin bayan fage jefi-jefi. A tsakiyar shekarun 1950 an ba Kemp Niver Oscar ta girmamawa saboda wani aiki mai ban mamaki. Kafin 1912 dokar haƙƙin mallaka ta Amurka ba ta san fim ba, saboda haka kamfanoni suna buga kowane hoton fim a kan doguwar takarda su kai Laburaren Majalisa a matsayin hotuna. Fina-finan suka ƙone ko suka ruɓe, takardun suka rage. Niver ya ƙera na'urar da ta sake ɗaukar hotunan takardun ɗaya bayan ɗaya, aka dawo da fina-finai kusan 3,000. Haka kuma bikin fina-finai marasa sauti na Pordenone a Italiya yana ba da lambar Jean Mitry tun 1986, wadda yawanci masu bincike da ma'aikatan ma'ajiya ne suke samu. UNESCO ma ta ware 27 ga Oktoba ta kowace shekara a matsayin ranar kayan tarihi na sauti da hoto, don tunawa da shawarar da ta zartar a 1980 kan adana fina-finai. Sai dai waɗannan ba sa shiga labarai kamar yadda na Bachchan ya shiga har ka gani.

Akwai wani bambanci da nake so ka riƙe, domin 'yan jarida suna yawan cakuɗa shi. Gyaran fim daban, adana shi daban. Gyara shi ne a ɗauki fim ɗaya, a nemo mafi kyawun kwafinsa, a ɗauki hotonsa da na'ura, a share tabo da karce, a daidaita kala da sauti, a kai shi biki a Cannes ko Bologna a tafa. Wannan yana da ranar farawa da ta gamawa, masu ba da tallafi suna sonsa, kuma a kansa ake samun yabo. Adanawa kuwa ita ce kula da sauran gwangwanaye dubu goma da ba wanda zai taɓa kai su biki: labaran mako-mako, da fina-finan wayar da kai, da hotunan bukukuwa da gine-gine. Sau da yawa waɗannan ne suka fi amfani ga mai nazarin tarihi. Mutanenmu da suka kalli majigi a ƙofar fada zamanin Turawa da farkon mulkin kai, irin waɗannan fina-finan suka kalla, kuma a cikinsu ne kaɗai za ka ga yadda wasu kasuwanni da unguwanni suke kafin a rushe su.

Tun da maganar ta zo gida, ga misalin da ya shafe mu kai tsaye. Fim ɗin Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya yi da Hausa a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Balewa, an daɗe ana ɗaukar ya ɓace. A 2016 aka gano nagatif ɗinsa, wato ainihin ledar da ake wanke kwafi daga jikinta, a cikin kayan Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, bayan fafutikar su Didi Cheeka na ƙungiyar Lagos Film Society, cibiyar fina-finai ta Arsenal da ke Berlin ta gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Ka lura, shekara 40 kacal tsakanin yin fim ɗin da gano shi, amma har ya shiga jerin ɓatattu. A 2017 kuma gidauniyar Scorsese da UNESCO da ƙungiyar masu shirya fina-finai ta Afirka, FEPACI, suka ƙulla shirin gyara fina-finan Afirka 50, aka fara da na Med Hondo ɗan Muritaniya, a ɗakin gyara na Bologna. Abin farin ciki ne, amma akwai abin dubawa a ciki: yawancin nagatif na tsofaffin fina-finan Afirka ta Yamma masu Faransanci a Turai suke, domin a can aka wanke su tun asali. Ma'ajiyar fina-finan Afirka da aka buɗe a Wagadugu a 1989 kuwa ambaliyar 1 ga Satumba 2009 ta shiga cikinta ta jiƙa gwangwanaye masu yawa. Fim ɗin da aka gyara a Bologna ko Berlin, in an dawo da shi gida, sai an sami inda za a ajiye shi.

Saura maganar waya. Fim ɗin da kake gani a YouTube kwafi ne da aka matse don ya yi sauƙin saukewa, kuma yana nan ne muddin mai tashar da kamfanin suna so. Ranar da aka rufe tashar ya tafi. Fim na leda irin na foliyesta, in an ajiye shi a sanyi, yana iya wuce shekara 100 ba a taɓa shi ba, kuma ko ba na'ura ka ɗaga shi ga haske za ka ga hoto. Faifan ajiyar kwamfuta (hard disk) kuwa 'yan shekaru yake yi, in ya mutu ya mutu da komai. Shi ya sa manyan ma'ajiyoyi suke zuba fayilolinsu a kan kaset na musamman mai suna LTO, su yi kwafi biyu ko uku a wurare daban-daban, kuma duk bayan 'yan shekaru su kwashe zuwa sabon samfuri kafin na'urar karanta tsohon ta ƙare a kasuwa. Dijital ya sauƙaƙa kallo ƙwarai, amma ya mai da ajiya aikin da ake biya wa kuɗi kowace shekara.

Wanda ya fi kowa shiga haɗari a yanzu shi ne kaset ɗin bidiyo, kuma a kansa aka gina fim ɗin Hausa na zamani. Tun daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990 har zuwa lokacin da faifan CD ya karɓe kasuwa, a kan kaset ake ɗauka, a kan kaset ake sayarwa. Kaset ba ya jure zafi da ƙura, yana yin fumfuna, maganaɗisun jikinsa yana rauni. Kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe mai ƙera na'urar bidiyo ta VHS, ya daina a 2016, ke nan ko kaset ɗin yana da rai, abin kunna shi yana ƙarewa. A wancan zamani kuma furodusoshi da yawa sun sayar wa 'yan kasuwa masta ɗin fim ɗinsu, wato kaset na asali, kasuwar kaset ta mutu, shaguna suka koma sayar da wasu kayan.

Saboda haka in kana da tsofaffin kaset a gida, ko ka san wani tsohon furodusa ko ɗan kasuwa da yake da su a buhu, a fitar da su daga ɗakin da rana take duka, a jera su a tsaye a wuri mai inuwa da ba laima, nesa da lasifika da duk abin da yake da maganaɗisu. Kada a sa kaset mai fumfuna a na'ura, zai lalata kansa ya lalata na'urar. A rubuta sunan fim, da shekara, da kamfani, da sunayen 'yan wasa a littafi tun masu tunawa suna raye. In za a juye zuwa kwamfuta, a juye da mafi girman ingancin da za a iya, a ajiye kwafi biyu a gidaje biyu, kuma kada a zubar da kaset ɗin bayan an juye, domin na'urar da za a samu nan gaba tana iya ciro hoton da ya fi na yau. In gwangwanin fim na leda ne aka samu, musamman mai wari ko wanda ya yi gari, kada a buɗe shi kusa da wuta, a nemi Hukumar Fina-finai ta Nijeriya da ke Jos, wadda take da ma'ajiyar fina-finai da bidiyo da sauti ta ƙasa.